Motar Babba da Mabuɗin Gajere

Da gara ba ta ci azarar ɗakin ba, da har yau motar nan tana kulle, ni kuma da ban yi abin da na yi ba. Amma gara ta ci, damina ta matso, Inna ta aiko mini har Kankia cewa in zo in fitar da motar Babba kafin rufi ya rufta mata.

Babba yayana ne, malamin awon gyaɗa. Ya sayi motar a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, 'yar ƙarama baƙa mai ƙofa biyu, wadda in ƙato ya shiga sai gwiwarsa ta taɓa haɓarsa. Wata bakwai ya yi yana hawanta, sanƙarau ya shigo gari ya ɗauke shi cikin kwana biyu. Bayan sadakar bakwai muka tura ta cikin ɗakin da ya gina mata a ƙofar gidanmu a Dudunni. Na cire batir, na ɗora ta kan kututture, na ja ƙofa na danna kwaɗo. Mabuɗin na miƙa wa Gajere.

Gajere shi ne maƙerin garinmu, abokin Babba tun suna yawo ba wando. A gaban mutane na ce masa kada ya buɗe wa kowa, ko da mai gari ne ya zo da kansa. Na juya na ce wa Inna ita ma, kuma ba da murya mai daɗi ba. Ni na san mota. Shekara huɗu na yi a soja ina kwance ƙarƙashin manyan motoci a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya, na dawo ina gyaran motocin gyaɗa a Kankia, kuma na san abin da hannun mutumin ƙauye yake yi wa inji. Wannan ya taɓa, wancan ya murɗa, wani ya ja don ya ga ko zai tsinke. Na ce duk wanda na ji ya taɓa motar nan, ni da shi ne.

Shekara ukku ke nan. Na zo da batir na aro, da galan ɗin fetur, da jakar kayan aiki. Mota ta sauke ni Kusada, jaki ya ƙarasa da kayan. Gajere ya kawo mabuɗi yana murmushi, yana kirana Saja kamar yadda ya saba, alhali ya san kofur na tsaya.

Na ɗaga bonet, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Wayoyin ba su nan. Ba dukansu ba, amma inda ya kamata waya ta taso daga nan ta shiga can, sai ka ga guntu a wannan gefe, guntu a wancan, tsakiya babu. Wadda ke kai wuta ga kwal, abin da ke ba inji tartsatsi, babu. Na fitilu, babu. Daurin da ke ratsa bango ya shiga cikin mota, an yi masa giɓi kamar taƙi guda. Wayar mota jan ƙarfe ne a ciki, zare da roba a waje, kuma kowa a ƙasar nan ya san wanda ke narka jan ƙarfe yana yin zobba da awarwaro yana kaiwa kasuwa. Ina ɗaga kai sai ga Lami matar Gajere ta zo wucewa da tulu, hannunta ɗaya a sama, awarwaro biyu ja suna walƙiya a wuyan hannun.

“Gajere,” na ce, “ina wayoyin?”

Ya leƙa, ya daɗe yana kallo. “Wallahi ban sani ba, Lawal.”

“Wa ke da mabuɗi?”

“Ni.”

“To aljanu ne suka shiga ta ramin kwaɗo? Mutumin nan kun ci tuwo kwano ɗaya, ƙasa ba ta gama cin likkafaninsa ba ka shiga kana yankar kayansa kana yi wa matarka ado. Kai ko kunyar Allah ba ka ji?”

Mutane sun taru. Ban rage murya ba, ƙarawa na yi. Na kama wuyan rigarsa na ja shi har zauren mai gari Dabo, jama'a na biye da mu. Dabo tsoho ne mai son a zauna lafiya. Ya ce a yi haƙuri, a bincika, maƙwabta ne. Na ce ranka ya daɗe, bincike ɗaya gare ni, a kawo Alƙur'ani.

“Ya rantse bai taɓa buɗe ƙofar nan ba tun ranar da na ba shi mabuɗi, kuma bai ba kowa ba.”

Gajere ya ce, “In rantse ban ɗauki waya ba. Wannan yanzu ma.”

“Ba shi na tambaye ka ba. Ka buɗe ko ba ka buɗe ba?”

Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofar zaure, ya sake duban ƙasa. Dabo ya tambaye shi sau ukku, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Bai ce ƙala ba. Zauren ya ɗauki gunaguni, don a wurinmu wanda ya ƙi rantsuwa ya gama faɗin laifinsa. Duk da haka Dabo ya so a bar maganar a gida. Na ce masa in ya rufe ta, gobe ina ofishin Di'o, Baturen mulki, da takardar sallamata ta soja, in gaya wa Bature ana sace dukiyar marayu a Dudunni mai gari yana kallo. Ya kira dogari.

Washegari da safe aka tafi da Gajere, igiya a ƙugu. Hanyar Kankia ta cikin Kusada take, ranar kuma kasuwa na ci, aka ratsa da shi ta gaban rumfar da yake baza lauje da fartanya. An ce alƙali zai zauna kashegari. In laifi ya tabbata, wata shida ne a gidan yarin Katsina, in ya fito kuma ba mai sake ba shi ko guntun ƙarfe ya ce ya ƙera masa wani abu. Na san duk wannan. Na ce shi ya ja wa kansa, na koma kan mota.

Inna ba ta fito ba. Idonta ya yi rauni tun kafin rasuwar Babba, ba ta cika fita ba dama. An kai mata labari, tuwon da aka kai mata ma ya dawo yadda yake. Na ɗauka baƙin cikin cin amana ne.

Na fara da abin da ba ya buƙatar tunani. Na sha wahalar famfo har tayoyi suka tashi, na sauke ta daga kan kututture. Tsohon fetur ya daskare a tanki ya zama kamar ƙaro, na zubar, na wanke, na busa bututun da bakina har na ji ɗacinsa a maƙogwaro. Na cire fulogi huɗu na ɗiga mai a ramukansu, na sa ƙarfen tayarwa a hancinta na murɗa. Da farko ta ƙi, kamar an kafe ta. Na bar ta ta sha man, na dawo na murɗa, ta juya. Inji dai bai mutu ba.

Sai wuta. Ina da ragowar waya a jaka, na bi giɓi ɗaya bayan ɗaya ina haɗawa, ina zagin Gajere a kan kowane ƙulli. Na goge kontak, ƙarafunan da ke haɗuwa su ba da wuta, da gefen kwalin ashana har ya yi haske. Na sa batir, na murɗa mabuɗin mota. Fis ya yi tas ya ƙone.

Na sa wani, ya ƙone. Saura biyu gare ni, kuma ba a sayar da fis a Dudunni. Wuta na zubewa a jikin ƙarfe ke nan, wata waya tsirara tana taɓa jikin motar a inda ido ba ya gani. A soja an koya mana yadda ake kama irin wannan ɓarawon. Ka sa ƙwan fitila a gurbin fis. In wuta na zuba, ƙwan zai kama. Sai ka bi wayoyi kana cirewa ɗaya ɗaya, wadda ka cire ƙwan ya mutu, ita ce. Na cire ta fitilun gaba, yana nan a kunne. Na cire ta baya, yana nan. Ta ham, yana nan, yana kallona kamar yana mini dariya. Rana ta take, zufa na shiga mini ido, na buga sifana da bango har ƙasa ta zubo. Wadda ta rage ita ce mai shiga bayan allon da ke gaban direba. Na cire ta, ƙwan ya mutu.

Na kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafuna a waje, na kwance allon. Abin da ke bayansa ya zubo mini a fuska. Tsumma, audugar kujera, ɓawon gyaɗa, kashin ɓera, da 'ya'yan ɓera biyar jajaye ko ido ba su buɗe ba. Na fito ina tofar da yawu ina tsine wa uwarsu. Na tattaro sheƙar na zube ta a rana don in ƙone.

A nan na ga wayoyin. Guntu-guntu, wasu kamar tsawon yatsa, wasu ba su kai ba, an cinye zaren da robar an bar jan ƙarfen. Na ɗauki ɗaya na duba bakinta. Almakashi ko wuƙa in sun yanka waya, bakin a daidaice yake fita. Wannan a tattaune yake. Na koma cikin inji na duba guntayen da na cire da hannuna na yar, su ma haka. Ni da na yi shekara huɗu a Bama, ni da na san abin da hannun ƙauye yake yi, ban tsaya na dubi bakin waya ɗaya ba.

Amma ɓera ba ya cin waya haka kawai har ya gama da mota guda. Na murza wata da ta tsira a tsakanin yatsuna, sai na ji maiƙo. Ba baƙin mai ba ne. Na kai hanci. Man shanu ne, tsohon da ya yi tsami, wani a kan wani, ya jiƙa zaren har ciki. Na shafa kujerun fata, su ma laushi gare su kamar jiya aka ɗinka.

Na shiga cikin gida da guntun waya a hannu. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, carbi a hannu amma ba ta ja.

“Inna, wa ya shafa wa motar nan man shanu?”

Ta ajiye carbin a cinya. Sannan ta ce, “Ni ce.”

“Ke?”

“Duk Juma'a. Sa'a Bafulatana ke kawo mini, in ware na miya in ware nata. Ubanku haka yake yi wa sirdinsa da linzami, in ba a shafa ba sai su bushe su tsattsage. Na ga yaron nan yana buɗe mata baki yana gogewa, na san inda ake ɗagawa. Da na shafa na ji jijiyoyinta sun bushe ƙamas, sai na ce ba ni barin kayansa su lalace ina raye.”

Ba ta taɓa kiran sunan Babba ba, ɗan fari ne, ko bayan ya mutu yaron nan take cewa.

“Mabuɗin fa?”

“Gajere nike aika wa. Ranar farko ya hana ni, na yi mishi kuka. Na sa shi ya yi mini alkawari ba ya gaya maka.”

“Ɓeraye kika tara mata, Inna. Kin yi shekara ukku kina yi wa ɓeraye miya. Su suka cinye wayoyin.” Muryata ta fara hawa, na ji ta, ban iya tsayar da ita ba. “Kuma kina zaune a nan aka ɗaure mutum da igiya aka ratsa kasuwa da shi. Kin ji, kin sani, don mi ba ki yi magana ba?”

Ta ɗago fuska wajen da take jin muryata.

“Tsoronka nike ji, Lawal.”

Ta ci gaba da cewa:

“Tun da ka dawo daga yaƙin nan ba a yi maka magana. Na tashi in fito jiya, na ji muryarka daga zauren Dabo har nan, sai na koma na zauna. Kwana na yi ina roƙon Allah shi ba ni ƙarfin faɗa maka.”

Na fita. Ban san inda zan kai fushin ba. Na zagi ɓeraye, na zagi Baturen da ya yi waya da zare kamar ba ya da hankali, na zagi Sa'a da man shanunta, har Babba na ji haushi, da ya tashi ya sayi abin da ba mai iya riƙe shi sai ni. Na tsaya a kan sheƙar nan da kwalin ashana a hannu. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin. In na ƙyasta, shi ke nan. Ba wanda ya gani sai ni. Inna ba za ta faɗa ba, Gajere ya riga ya nuna ba zai faɗa ba. Ba sai na tsaya gaban alƙali na ce ni Lawal makanike ban san cizon ɓera ba, ba sai an ji a Kankia cewa uwata ta shafa wa mota man miya ba. Na fito da tsinken ashana har na ɗora shi a gefen kwali. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Gajere ya san duk wannan tun a zaure, ya dube ni ina yi masa ihu, ya zaɓi igiya.

Na mayar da tsinken. Na kwashe sheƙar duka na ƙulle a tsumma.

Aikin da ya rage ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Na naɗe wayar da ke taɓa ƙarfe, na sa fis, ya zauna. Na cire fulogi ɗaya na jingina shi da jikin inji, na murɗa, tartsatsi ya fito shuɗi. Na ɗiga fetur a kafireta, na murɗa sau shida, ta yi tari, ta mutu. A na tara ta kama. Hayaƙi ya cika ɗakin, kaji suka watse, ɓeraye biyu manya suka fito ta bututun baya suka bi bango. Mutane suka taho da gudu suna kallo, wani ma har ya ce sannu da aiki.

Da safe ina zuba ruwa a lagireto sai ga Inna ta fito da mayafi da sanda. Na ce ta zauna, ni zan faɗa. Ta ce da bakinta za ta faɗa. Na buɗe mata ƙofa ta shiga, ta dafa kujerar da tafin hannu. Muka kama hanyar Kankia.

Alƙali na zaune a kan buzu, muhuti mataimakinsa a gefensa. Aka shigo da Gajere. Kwana biyu kawai, amma idonsa ya faɗa, ga shatin igiya a rigarsa. Da ya ga Inna sai ya sunkuyar da kai. Na kwance tsumman na baje a gaban alƙali, na ce Allah ya gafarta malam, ga ɓarawon, ni na yi wa bawan Allah ƙazafi. Inna ta durƙusa ta faɗi nata tun daga farko, da sirdi, da Juma'a, da alkawarin da ta sa aka yi mata. Wasu a bakin ƙofa suka fara dariyar man shanu, dogari ya daka musu tsawa.

Alƙali bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, “Kai ne masanin mota?”

“Ni ne.”

“Kafin ka kama wuyan mutum, ka duba?”

“Ban duba ba.”

Alƙali ya ce da Gajere yana da hakki a kaina, in yana so a bi masa yanzu. Na so ya ce a bi. Wallahi na so a kwantar da ni a yi mini bulala a bakin kasuwa, ko na ji sanyi. Gajere ya ce, “Allah ya gafarta malam, ba ni bin ƙanen Babba.” Ko kallona bai yi ba.

A waje na riga su zuwa wurin mota, na murɗa ta ta tashi bugu ɗaya, na buɗe ƙofa.

“Yaya Gajere, ka shiga in kai ka gida. In ratsa da kai ta Kusada kowa shi gani.”

Tun ina yaro rabon da in kira shi yaya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗin kwaɗo, ya ajiye a kan bonet.

“Kusada sun riga sun gani,” ya ce. “Da ƙafa aka kawo ni, da ƙafa zan koma.”

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, kamar yadda ake cewa an ci abinci. Na juya wajen Inna na kama hannunta zan sa ta a mota, sai ta zare shi a hankali.

“Gajere,” ta ce, “nemo mini jaki.”

“Inna, da nisa. Ga rana.”

“Na sani. Saboda ni aka ja ka a hanyar nan.”

Ya samo jaki wurin masu kawo gero, ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa, ya ɗaga ta ya ɗora. Ya kama igiyar suka kama hanya. Na bi su a baya a giya ta ɗaya, inji na kuka, har ruwan lagireto ya fara tafasa. A bakin gari Inna ta ce wani abu, Gajere ya tsayar da jakin ya waiwayo.

“Ta ce ka wuce, ƙarar tana tsorata jaki.”

Na wuce su. Kafin azahar ina Dudunni, na kashe mota a ƙofar gida na zauna a ciki. Lami ta fito daga gidansu ta leƙa kujerar baya, ta ga ba kowa, ta tambaye ni ina mijinta.